Rago, kare ko 'yan tsaki: yadda kyanwar gida za ta saba da baƙi ba tare da ta ƙaura ba

A yawancin gidajen unguwannin Zango na Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, kyanwa na da aikin da kowa ya san ta da shi. Ita ke gadin buhunan masara da dawa da waken suya a ɗakin ajiya, ita ke hana ɓera ɓarna a shago idan dare ya yi. Sai dai gidajenmu ba sa rabuwa da baƙin dabbobi. Yau an ɗaure ragon layya a tsakar gida, gobe uwargida ta sayo 'yan tsaki, jibi yaro ya tsinto 'yar kyanwa a hanyar makaranta, ko maigida ya kawo ɗan kwikwiyo saboda ɓarayi. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kyanwar da ta shekara biyar tana kwana a kan buhu ta daina cin abinci, ta soma fitsari a jikin ƙofa, ko a wayi gari ta koma gidan maƙwabta ta ƙi dawowa.

Mutane kan ce kishi ne, wasu su ce butulci. Likitocin dabbobi kuwa sun ce tsoro ne, kuma ana iya magance shi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Abin da ake buƙata shi ne ɗaki guda, da tsumma, da haƙurin 'yan makonni.

Abin da gida ke asara idan kyanwa ta tafi

Hausawa sun ce in kyanwa ba ta gida, ɓera sai ya saki jiki. A wannan yankin lamarin ya wuce ɓarnar hatsi. A ƙarshen shekarar 2014 aka tabbatar da ɓullar zazzaɓin Lassa a yankin Tanguiéta, sannan a farkon 2016 cutar ta sake ɓulla a Tchaourou, wadda ke maƙwabtaka da Parakou. Wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana barin ta a fitsari da kashinsa a kan abinci da kwanuka, kuma an fi samun ta a lokacin rani, sa'ad da ɓeraye ke barin gonaki suna shigowa gidaje. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kan wannan cuta akwai adana hatsi a mazubi mai murfi, da nisanta juji daga gida, da tsabta, da kuma ajiye kyanwa.

Kyanwa ita kaɗai ba ta isa rigakafi ba, dole a haɗa da rufe abinci. Kuma ɓeran da ta kashe ba a ɗaukarsa da hannu, sai da leda ko cebur, a binne shi. Amma gidan da ya rasa kyanwarsa a tsakiyar rani, rumbu cike, ya rasa mai gadi a lokacin da ya fi buƙatarta. Wadda ta fita yawo kuma ba lallai ta dawo ba, domin akwai mota da babur a titi, akwai karnuka, akwai gubar ɓera da maƙwabta ke zubawa.

Me ya sa kyanwa ba ta maraba da baƙo?

Kyanwar gida ta samo asali ne daga muzurun daji da ke rayuwa a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Masana sun nuna cewa ta soma kusantar mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da aka fara noma ana tara hatsi, ɓeraye suka taru, ita kuma ta biyo su. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Wato rumbu ne ya haɗa mu da ita tun farko.

Wancan muzurun daji shi kaɗai yake farauta, shi kaɗai yake tsare yankinsa, kuma wannan hali bai bar jikokinsa ba. Tumaki da awaki dabbobin garke ne, sabon rago kan yi 'yar tunkuyi da na gida, kowa ya san matsayinsa, a wuce wurin. Kaji ma haka suke. Kyanwa ba ta da wannan tsari na babba da ƙarami. Shi ya sa shawarar da ake yawan ji, wai a bar su su yi faɗa su gaji za su saba, ba ta aiki a kanta. Idan kyanwa biyu suka fara haɗuwa da yakushi, sukan riƙe abin na tsawon watanni, wani lokaci har abada.

Abu na biyu shi ne wari. A kumatun kyanwa da haɓarta da goshinta da tafin ƙafarta da gindin wutsiyarta akwai guraren da ke fitar da wani sinadari mai wari wanda hancin mutum ba ya ji. Idan ta goga fuska a ƙafar kujera, ko a bakin ƙofa, ko a ƙafarku, alama take sakawa cewa nan gidanta ne kuma lafiya lau. Da wannan warin take gane hanyarta, da wurin kwananta, da mutanenta. Ranar da aka shigo da baƙuwar dabba, sabon wari ya rufe nata, gidan da ta sani ya zama mata baƙon wuri. Fitsarin da take fesawa a bango ƙoƙari ne na maido da alamarta da ƙarfi. Dukanta a kan haka ƙara mata tsoro yake yi, tsoron kuma ya ƙara fitsarin.

A shirya masauki kafin baƙo ya iso

Sunan unguwanninmu ma ya isa darasi. A zamanin da ayarin fatake ke bi ta Djougou tsakanin Kano da Gwanja suna safarar goro, baƙo ba ya faɗawa cikin gari kai tsaye. A zango yake sauka, wurin mai masaukinsa, har a san shi ya san mutane. Haka ya kamata a yi wa sabuwar dabba.

Kafin a kawo ta, a zaɓi ɗaki ko lungun da kyanwar gida ba ta damu da shi ba. Kada ya zama ɗakin ajiyar da take kwana, kada ya zama hanyar da take bi zuwa kan katanga. Baƙuwar ce ake killacewa, mai gida kuwa a bar ta da yawonta, da kwanonta a inda yake, da lokacin cin abincinta kamar kullum. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kulle tsohuwar don sabuwa ta sake, ko a ɗauke kwanonta a ba baƙo.

A masaukin a sa ruwa, da abinci, da kwalin da za ta shige ta ɓuya, da tsohuwar tasa mai faɗi cike da yashi don bahaya, nesa da kwanon abinci. A tabbata iska na shiga, musamman a ɗaki mai rufin kwano a watannin Maris da Afrilu. Addini ma bai yi sakaci da wannan ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kowane ɗalibi ya san cewa Abu Huraira ya samu laƙabinsa ne saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka. Duk dabbar da aka rufe wa ƙofa, haƙƙinta ya hau kan wanda ya rufe.

Killacewar na da wani amfani: lafiya. 'Yar kyanwa ko ɗan kwikwiyon da aka tsinto kan zo da ƙuma, da tsutsar ciki, da makero mai kama yara, da mura mai yaɗuwa tsakanin kyanwoyi. A ba ta kamar mako biyu a ware, a kai ta wurin likitan dabbobi, ko a ofishin kiwo na gwamnati ko a wurin masu zaman kansu, ya duba ta. Haka nan kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta cika mako takwas.

Ciwon haukan kare: allura kafin komai

Wannan cuta, wadda ake kira rage da Faransanci, tana nan a Benin da duk ƙasashen da ke kewaye da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare suke kamuwa. Kyanwa ma na kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum ta cizo ko yakushi. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira.

Ana yi wa kare da kyanwa allurar rigakafi tun suna wata uku, ana kuma maimaitawa yadda likita ya tsara. A karɓi katin allurar a adana, domin za a iya neman sa idan za a tsallaka iyaka da dabbar zuwa Togo, Najeriya ko Nijar. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma lokaci ne mai kyau na tambayar ma'aikatan kiwo ko akwai gangamin allura a kusa. Mako biyu na killacewa ba ya wanke dabba daga zargi, domin ƙwayar kan yi wata ɗaya zuwa uku a jiki kafin ta nuna kanta. Saboda haka dabbar da aka tsinto a titi ba a barin yara su yi wasa da ita sai likita ya gan ta. Idan ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba tare da jiran ganin abin da zai faru ba.

Idan baƙuwar kyanwa ce: wari, sannan ido, sannan haɗuwa

Matakin farko ba sa ganin juna sam. A samu tsumma biyu masu tsabta. A goga ɗaya a hankali a kumatun baƙuwar, a ajiye shi a wurin da mai gida ke wucewa, ba a kan kwanonta ko shimfiɗarta ba. A goga ɗayan a kumatun mai gida a kai wa baƙuwar. Ranar farko mai yiwuwa ta sunsuna ta yi huci ta ja da baya. Ba komai, a ci gaba kullum. Ranar da ta sunsuna ta wuce abinta, ko ta goga fuska a kai, an ci matakin. Daga nan, lokacin da mai gida ta fita yawo, a buɗe wa baƙuwar ta zaga tsakar gida na ɗan lokaci, a mayar da ita kafin waccan ta dawo.

Akwai wani maganin fesawa mai suna Feliway, na kamfanin Ceva da ke Faransa, wanda ke kwaikwayon warin kumatun kyanwa don kwantar mata da hankali. Yana da tsada, kuma a gidan da tsakar gidansa a buɗe take, iska ke kwashe shi. Tsumma ya fi dacewa da irin gidajenmu.

Mataki na biyu, su ga juna amma da shamaki. A buɗe ƙofa kaɗan yadda kai ba zai shiga ba, a tokare ta da dutse, ko a kafa ragar waya, wadda ake ce wa grillage a kasuwa, a bakin ƙofar. A ba kowacce abin da ta fi so, kamar ɗan busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, wannan a ciki waccan a waje, da tazarar taku uku ko huɗu. Manufar ita ce kowacce ta riƙa haɗa ganin 'yar'uwarta da samun abu mai daɗi. Minti biyar ya isa. Kullum a matso da kwanukan kaɗan. Idan ɗaya ta ƙi ci, an matso da yawa ke nan, a koma tazarar jiya.

Mataki na uku, a cire shamakin a gaban babba, a wuri mai faɗi da mafita fiye da ɗaya. Kada a riƙe ɗaya a hannu a kai ta gaban ɗayar, domin kyanwar da aka hana gudu faɗa ne kaɗai ya rage mata, kuma hannun mai riƙon ne zai fara shan yakushi. A raba su tun ana cikin daɗi, a ƙara lokacin gobe.

Wasu kyanwoyin kan gama duk wannan a mako ɗaya ko biyu, wasu sai sun yi wata biyu ko fiye. Babbar kyanwa ta fi saurin haƙura da ƙaramar 'ya a kan babba irinta, kuma muzuru biyu da ba a fiɗiye ba su ne suka fi wuya. Halin kyanwa da sauran halittu yana kafuwa ne tun tana mako biyu zuwa bakwai da haihuwa. Wadda ta tashi cikin mutane da dabbobi ta fi wadda aka haifa a kango sauƙin kai.

Bayan sun haɗu ma, kada a tilasta musu tarayya. Ƙa'idar da likitocin kyanwa ke bayarwa ita ce kowace da nata, da ƙarin ɗaya: kyanwa biyu, wurin ruwa uku, wurin kwana uku, kuma a wurare dabam-dabam. Kwano biyu a jere a wuri ɗaya, a idon kyanwa kwano ɗaya ne.

Yadda za a gane ana ci gaba ko ana komawa baya

Huci sau ɗaya ko biyu, ko ɗaga hannu ba tare da kai mari ba, magana ce kawai, tana cewa a ba ta wuri. Alamun da ke nuna a dakata su ne kwantar da kunnuwa baya, da tashin gashin baya da na wutsiya, da gurnani mai tsawo, da ƙura wa juna ido ba ƙiftawa. Akwai kuma zaluncin da ba ya ƙara: ɗaya ta kwanta a bakin ƙofa ko kusa da ruwa, ɗayar ta kasa wucewa. Mutanen gida na ganin zaman lafiya ake yi, alhali ɗaya na kwana da ƙishirwa.

Alamun alheri kuwa su ne su wuce juna wutsiya a miƙe sama, ko su haɗa hanci, ko ɗaya ta juya baya ta yi barci alhali ɗayar na kusa. Idan suka kai ga lasar juna da kwana jiki da jiki, an gama. Da yawa ba sa kai wa nan, sai dai su raba gidan, wannan ta ɗauki ɗakin ajiya waccan ta ɗauki zaure. Wannan ma nasara ce.

Idan faɗa ya kaure, kada a sa hannu. A tura faifai ko kwali ko tabarma a tsakaninsu, ko a jefa zane a kan ɗaya. A raba su ɗaki dabam na kwana ɗaya ko biyu, a sake farawa daga tsumma.

Idan kare ne

Gidaje da yawa, musamman a sababbin unguwannin bayan gari, na ajiye kare don gadi. A nan aikin na kan kare ne. Matakan wari da shamaki suna nan yadda suke, amma a ranar haɗuwa dole kare ya kasance a ɗaure da igiya a hannun babba, bayan ya ci ya kuma gaji da wasa. Duk lokacin da ya kalli kyanwa ya kau da kai, a yaba masa a ba shi ɗan abu. Idan ya yunƙura, a janye shi a natse. Kada a bari ya kore ta ko da sau ɗaya, domin kora daɗi take yi wa kare, kuma abin da ya ɗanɗana sau ɗaya zai nema kullum.

Kyanwa na samun natsuwa ne idan tana sama tana kallon ƙasa. A tabbata tana da hanyar hawa katanga, ko rumfa, ko bishiyar mangwaro, daga kowane gefe na tsakar gida, kuma turken karen bai tare wannan hanya ba. A mayar da kwanonta kan tebur ko taga inda bakinsa ba ya kai wa. Ɗan kwikwiyo ya fi saurin koyo, amma a kula da idonsa, don farce ɗaya na iya makantar da shi. Karen farauta kuwa, irin waɗanda ake fita daji da su da rani, an horar da shi ne ya bi duk abin da ya ruga. Irin wannan ba a barin sa da kyanwa ba tare da mutum ba, ko an shekara ana zaune lafiya.

Idan 'yan tsaki ne, ko tattabaru, ko zomaye

A nan ba sabo ake nema ba, shamaki ake nema. Kyanwa na kama ƙaramin abu mai motsi ne ko tana jin yunwa ko ba ta ji, kuma halin da ya sa take kama ɓera shi ne zai sa ta kama ɗan tsako. Ba yadda za a yi a kashe ɗaya a bar ɗaya. Ba a ba kura ajiyar nama.

Babbar kaza da zakara da zabuwa sukan tsare kansu, kyanwa ma takan koyi kauce musu. Masu haɗari su ne 'yan tsaki da 'yan zabi har sai sun yi gashi sun kai girman tattabara, da 'ya'yan tattabaru a sheƙa, da 'ya'yan zomo. A yi musu akurki da ragar waya mai ƙananan ido yadda hannun kyanwa ba zai shiga ba, a rufe samansa, a kuma ajiye shi inda ba za ta zauna a kai tana kallonsu yini guda ba, domin tsoro kaɗai na hana zomo ci da haihuwa.

A gidan haya, inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, ɗan tsako guda na iya haddasa gaba ta shekara, kuma ƙarshenta kyanwar ce ke cin guba. Gara a yi magana tun kafin kaza ta ƙyanƙyashe, mai kyanwa da mai kaji su haɗa kuɗin raga. Haka nan kada a jefa wa kyanwa kazar da ta mutu da kanta. Benin ta yi fama da murar tsuntsaye a 2007 da kuma 2021, kuma kyanwa na kamuwa da ita idan ta ci mushen tsuntsu mai cutar.

Idan ragon layya ne

Rago ba ya farautar kyanwa, ita ma ba ruwanta da shi. Matsalar wuri ce. Inuwar da ta fi daɗi a gida, nan ake kafa turke, kuma nan ne kyanwa ke ƙailula. Kafin a kafa, a lura kwana biyu a ga inda take kwanciya da inda take bi, a matsa turken gefe. Yara ma kan koma kan rago gaba ɗaya su manta da ita, har da abincinta. A ɗora wa yaro ɗaya alhakin kwanonta da ruwanta.

Masu kiwon tumaki da awaki a gida su kula da dusa da harawa. Kyanwa na son yin bahaya a abu mai laushi, kuma kashinta, musamman na ƙananan kyanwoyi, na iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma, wadda ke sa tunkiya ko akuya ɓari. A rufe buhun dusa, a ɗaga harawa sama, a tanadar wa kyanwar yashi a wani lungu. Mace mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashin kyanwa, wani ya yi, a kullum.

Ranar sallah, da baƙi da hayaƙi da hayaniya, ita ce ranar da ya halatta a rufe kyanwar gida a ɗakin da ta saba, da ruwa da abinci da yashi, har gida ya lafa. A ba ta rabonta na nama dafaffe, ba romon da aka zuba wa albasa da tafarnuwa ba, don su biyun suna lalata jinin kyanwa.

Magungunan da ke kashe kyanwa

Sabuwar dabba kan zo da sabon magani, kuma nan ne kyanwoyi da yawa ke halaka. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin permethrin guba ne ga kyanwa, ko da jikin karen kawai ta goga bayan an shafa masa. Haka ruwan wankan kaska na tumaki da shanu, balle maganin feshin auduga da wasu ke ɗiba suna fesa wa dabbobi. Alamun su ne dalalar miyau, da karkarwa, da faɗuwa kamar farfaɗiya. A wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a garzaya wurin likita da kwalbar maganin. Farasitamol kuma, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Kada a ba ta maganin mutane don an ga ta yi lamo.

Yaushe lamarin ya wuce na gida?

Kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, a kai ta likita, domin yunwa na taɓa hantarta da sauri, musamman mai ƙiba. Muzurun da ke ta tsugunawa yana yunƙuri fitsari ba ya fita, ko yana fita da jini, a kai shi a ranar. Damuwa na iya jawo toshewar mafitsara, kuma tana kisa cikin kwana biyu ko uku. Ciwon cizo ma kan rufe a sama ya tara mugunya a ciki, sai a ga kumburi bayan 'yan kwanaki.

A tambayi likitan batun fiɗiye muzuru da yi wa mace tiyatar hana haihuwa. Yana rage faɗa da yawo da feshin fitsari. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, don haka gidan da ya haɗa mace da namiji ya shirya wa baƙi masu yawa kafin shekara ta zagayo.

Idan an yi wata uku ana bin matakan nan amma ɗaya na ci gaba da ramewa ko ɓuya, a nema wa baƙuwar wani gida, ko shagon hatsi da ke buƙatar mai gadi. A kai ta hannu da hannu ga wanda zai riƙe ta, kada a sa ta a buhu a yar a bakin kasuwa.

Mafi yawan wannan wahala ana kauce mata ne tun kafin a je kasuwa. Ko a Parakou mutum yake, ko Djougou, ko Gaya, ko Sokodé, ko zangon Kumasi, tambayoyin ɗaya ne: ina baƙon zai sauka, wace hanya ce ta kyanwar gida da ba za a tare ba, wa zai kula da kwanonta, kuma yaushe za a je allura. Wanda ya amsa su kafin ya biya kuɗin rago ko ya karɓi ɗan kwikwiyo, da wuya ya kwana yana jin ɓera na ɓarna a ɗakin ajiya.